Harshen Zuwera Mai Gishirin Foga

A shekarun da motocin garin Faraku suka fara sauke gishirin teku a kasuwar Gaya, mata da yawa a kwarin Foga sun kife tukwanensu. Zuwera ba ta kife nata ba. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga alfahari, kuma ni da nake ɗaukar kayanta a jaki zuwa Gaya na sha baƙar maganarta har na saba. Amma ban taɓa ganin mai dafa gishiri irinta ba.

Kowa ya iya kankare ƙasa, ya tace a kwando, ya dafa. Gwanintar tana ƙarshen tukunya. Gishirin kirki shi ke fara kwanciya a gindi, sai ruwan da ya rage ya soma ɗaci. Wanda ya ƙafar da wannan ruwa tare da gishiri don ya yi auki, da damina kayansa za su jawo raɓa su zube. Zuwera takan ɗiga ruwan a harshe, ta san daidai lokacin tsamewa. Nata kan kai kaka a bushe ƙamas, shi ya sa mutanen Kandi ke tambayarsa da sunanta.

Sai wani zazzaɓi ya kwantar da ita a 1955, ta tashi ba ta bambanta zuma da toka. Ta ɓoye. Na gane ne ranar da na tarar ta zubar da tukunya uku, tana zaune tana kallon wuta. Na tausaya mata ƙwarai.

"Ki dafa da ka mana, wa za ya sani?" na ce.

"Labo, kai da jakinka hankalinku guda. Damina za ta sani."

Maƙwabciyarta Kadi ita ma mai dafa gishiri ce, kuma sun fi shekara goma ba sa ga maciji, saboda Zuwera ta taɓa kiran gishirinta kunu a tsakar kasuwa. Washegari da hantsi, gaban kowa, Zuwera ta ɗebi ruwan tukunya a ludayi, ta taka har bakin murhun Kadi.

"Kadi, bakina ya mutu. Ɗanɗana min wanga. Abin da nika ɓoyewa duk zan gwada miki."

Kadi ta dube ta, sannan ta lasa.

"Akwai ɗan bauri can baya."

"To, shi ke nan lokacin. Taho da matsami, maza!"

Kadi ta bar nata gishirin a kan wuta ta biyo ta.