Kaka Ta Sake Rasuwa

Tunda 'Yar Auta ta gama makaranta, aikinta kenan a shafin intanet na kawunta. Tana saka ɓoyayyun alamomin da ke nuna wa na'ura take da kwanan wata, don sabon rubutu ya isa wayoyin mabiya da kansa. Bakinta har ya gaji da cewa, "Kawu, kar ka taɓa kwanan wata." Ina! Ya je gyara harafi ɗaya a tsohuwar sanarwar rasuwar Kaka, ya maƙala mata kwanan yau. Kafin rana ta take, falo ya cika da masu kuka. Takaici ya ishe ta ganin Kawu yana karɓar gaisuwa har da share ƙwalla. Ya yafito ta, ya raɗa mata, "Duba mini, mutum nawa suka buɗe?"