Ranar da Na Goge Bindigar Surukina

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba na jin zai iya da ranar da na goge bindigar surukina. An fi shekara goma yanzu, amma in na tuna sai kunya ta kama ni, dariya ta biyo baya.

Lokacin watana uku da tarewa, an kawo ni daga Kano zuwa gidan su mijina a unguwar Rusaifa da ke Makka. Surukina, wanda muke kira Baba, haifaffen Makka ne, jikan alhazan da suka zo da ƙafa suka zauna. Ba ya da yawan magana. In na kai masa gahawa sai ya ce "shukran" ya ci gaba da sabgarsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da son yabo, na rasa ta inda zan shiga zuciyar tsohon nan.

Abu ɗaya ke sa shi surutu: tsofaffin bindigogin sojan Ingila, masu sakata a gefe ɗin nan da ake ja baya a tura gaba kafin a harba. Shida ya rataye a bangon majalisinsa, kowacce da takardar izininta, ado kawai suke. Yana da aboki a unguwar Shisha mai irin wannan ciwo, gasa suke yi kamar yara. A makon da abin ya faru Baba ya samo ta bakwai daga wani ƙauye bayan Ɗa'if, bayan ya shekara yana lallashin mai ita. Nan da nan ya aika wa abokin ya zo bayan la'asar ranar Juma'a ya ga abin da bai taɓa riƙewa ba.

Ranar Juma'ar, da maza suka tafi Harami na shiga majalisin shara, sai ga sabuwar bindigar a kan darduma. Baƙa ƙirin, ƙarfen kamar gindin tukunya, katakon ya yi duhu da maiƙon hannu. Raina ya ɓaci. A gidanmu ko murfin tukunya ba ya kwana da baƙi, sai a ce baƙo zai zo ya tarar da wannan a gidan da nake? Ai ni za a zaga, a ce matar ɗansu ƙazama ce. Na ce a raina, yau Baba zai san 'yar wa aka kawo masa.

Na ɗauko soson ƙarfe da lemun tsami da gishiri, na ɗaura zane a ƙirji na hau dirza. Da na gama da ƙarfen na koma kan katakon da takardar goge katako ta mijina. Akwai wasu 'yan tambura da lambobi a jiki da na ɗauka tabo ne, su ma na bi su ɗaya bayan ɗaya sai da suka ɓace. Wallahi ta fito fes, kana ganin fuskarka a jiki. Na mayar da ita wurinta, na laɓe bayan labule ina jiran sa albarka.

Baba ya shigo ya tsaya a kanta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a hankali.

"Wa ya shigo nan?"

"Ni ce, Baba," na amsa, har da murmushina.

Mijina ya dafe kai, ya jawo ni gefe. "Kin kashe mu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Baƙin nan shi ne darajarta, tamburan kuma su ne shaidar asalinta. Yanzu ba ta da maraba da sandar maigadi." Kafin in gama fahimta sai ƙararrawar ƙofa.

Abokin ya ɗauki bindigar, ya juya ta, ya fashe da dariya har da tari. "Ya shehu, a shagon kayan wasa ka sayo ta? Wane jahili ne ya yi maka wannan ɓarna?" Ina bakin ƙofa da butar gahawa, ina jiran a nuna ni. Baba ko kallon inda nake bai yi ba.

"Ni na sa aka goge," ya ce. "Idona ya yi rauni, na fi son abin da zan hango yana sheƙi."

Haka ya zauna aka yi ta yi masa tsiya har magariba, yana kurɓar gahawarsa. Na ji an ce har yau abokin bai daina ba da labarin a taro ba, kuma Baba bai taɓa gyara zancen ba.

Da baƙon ya tafi na durƙusa gaban Baba ina kuka.

"Halas, shi ke nan 'yata, ƙarfe ne da itace," ya ce. Sai na ga gefen bakinsa na motsi. "Amma don Allah sauran shidan ki bar min su da dauɗarsu."

Ranar ya fara yi min wasa, ranar kuma na fara ƙaunarsa kamar uban da ya haife ni. Na koyi tambaya kafin in gyara kayan da ba nawa ba. Na kuma koyi abin da ya fi wannan: in naka ya yi kuskure a gaban baƙo, ka rufa masa asiri, ko da kai za a yi wa dariyar.