Tutiyar da Arvid Ya Gani a Gindin Teku

Duk mai sammako a Port Merrow ya san tsohuwar a-kori-kurar Arvid Tollefsen. Tun kafin masu kamun ƙaguwa su tayar da injinansu za ka ji ta tana tari a gangaren gadar jirage. Zai shigo gidan abincinmu, ya karɓi baƙin kofi ba sukari, ya tsaya bakin taga yana kallon ruwa kamar mai duba ko maƙwabci ya kwana lafiya. In ka ce masa, "Arvid, ya teku?" sai ya ce, "Tana nan a jiƙe." Daga nan ya gangara ɗakin gwaje-gwaje, ya sa baƙar rigar robarsa, ya goya tulun iska, ya faɗa ruwan nan da ko a tsakiyar bazara sanyinsa sai ya kai maka har haƙori. Haka ya yi shekara talatin da 'yan kai. Asabar ɗin da ta wuce ya yi ritaya, kuma bai kamata a bar shi ya tafi da agogon bango da tafi kaɗai ba.

Da yawanmu mun daɗe ba mu san abin da yake yi a can ƙasa ba. Ga shi a taƙaice. Akwai wani makamashin nukiliya da ke ba da zafi da kansa shekara da shekaru, ba wuta ba hayaƙi. Ana rufe shi a kwanson ƙarfe da bai fi gwangwanin wake girma ba, a mai da zafinsa lantarki, a kunna fitilun da ke kan duwatsun tsakiyar teku inda ba mai iya zuwa canza batir. Amma hukuma ba ta ba da lasisi sai an nuna mata cewa ko kwanson ya faɗa teku, gishiri ba zai huda shi guba ta fito ba. Shi ya sa ake ɗaure kwansuna fanko, irin ƙarfen, irin waldar, a cikin kejin ƙarfe, a nutsar, a bar teku ta yi musu abin da ta ga dama na tsawon shekaru. Arvid ne mai leƙa su. Ya sauka ya duba, ya ɗauki hoto, ya ɗebo ruwa a kwalba. Doka ɗaya ce: kada ya taɓa, kada ya kankare.

Mu dai abin da muka sani shi ne, in igiya ta naɗe wa jirginka farfela, Arvid za ka kira, ya sauka bayan an tashi aiki, kuma in ka fito da walat sai ya yi kamar bai gan ka ba. Lokacin da teku ta ci mijin Verna Oakes, masu ceto suka haƙura, shi bai haƙura ba sai da ya samo mata abin da za ta binne. Wannan kowa ya gani. Abin da zan faɗa yanzu kuwa, ba mai gani sai shi da kifaye.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tutiya, farin ƙarfen nan mai saurin cinyewa a ruwan gishiri. Kafin ka tura jirgi ruwa sai ka ɗaura masa dunƙulenta a gindi. Gishiri ya bi ta yana ci, ya ƙyale ƙarfen jirgi. Muddin tana manne, duk ƙarfen da ke haɗe da ita ya tsira daga tsatsa. Yaro ma ya san wannan kafin ya iya ɗaura takalmi.

To, a shekarar da gwajin farko ya kusa kammala, saura kaɗan a ciro kejin a gaban masu ba da lasisi, sai aka yi wata guguwar sanyi da ta kishingiɗar da shi a gefe. Arvid ya sauka ya duba. Kwansuna na nan garau, suna ƙyalli kamar jiya aka sa su, yadda kowa yake ta murna da su tun farko. Ya zagaya ƙasan kejin, wurin da tun ranar nutsarwa yake binne a laka. A cikin ƙafa ɗaya sai ya ga wani farin dunƙule duk a cinye, an ɗaure shi da noti. Tutiya.

Nan take ya san abu biyu. Ya san ba ƙarfen kwanson ne ya gagari teku ba, tutiyar ce ta yi ta karɓar duka a madadinsa, don haka gwajin nan na shekaru bai gwada komai ba. Ya kuma san hannun wa ne. Dewey Marich ne ya yi waldar kejin, kuma Dewey yayan matarsa Lorna ne, mutumin da ya koya masa tuƙa jirgi, wanda gidansa kacokan ya dogara da aikin waldar da ɗakin gwaje-gwaje ke ba shi. Sufana na rataye a ƙugun Arvid. Murɗa biyu, dunƙulen ya faɗa laka, magana ta mutu. Ko ma ya ƙyale shi, nan da 'yan watanni gishiri zai ƙarasa cinyewa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga kyamara ya ɗauki hoto.

Bai wuce ofis ba, rumfar Dewey ya fara zuwa, kansa ko bushewa bai yi ba.

"Kai, kwaɗo, me ya fito da kai tudu?" in ji Dewey.

"Yaya, kai ka sa wa kejin nan tutiya?"

"To wa zai sa in ba ni ba? Waɗancan masu farar riga? Wane mahaukaci ne zai jefa ƙarfe a ruwan gishiri tsirara? Ai da tsohonmu ya taso daga kabari ya mare ni. Ko kuɗinta ban caje su ba."

"So suke su ga ko zai yi tsatsa."

Dewey ya ɗage gilashin walda. "So suke ya yi tsatsa?"

"So suke su sani."

Dewey ba wawa ba ne, ya gane. Ya zauna a kan durom, ya ce a hankali, "Wa ya gani?"

"Ni."

"To ashe ba wanda ya gani."

"Gobe da safe zan faɗa musu. Ka zo mu je tare, ya fi kyau su ji daga bakinka."

"Arvid, 'ya'yana nawa? Kai ka riƙe ƙaramar a coci ranar baftismarta. Kwanson nan lafiyarsa ƙalau, ni na san ƙarfe."

"Ƙila gaskiyarka ce. Amma a kan dutsen da kuke zuba raga za a kafa shi. Ba zan sa hannu a kan ƙila ba."

"Fitar mini daga rumfa."

A gida ma bai samu sauƙi ba. Lorna ta ce, "Sai ka zaɓi gwangwani a kan ɗan'uwana?" Ya ce mata bai zaɓi kowa ba. Ta ce, "Ka je ka gaya wa tukunya, ita za ta dafa maka." Washegari ya tsaya a ƙofar rumfar Dewey, ya danna ham, ya jira. Ba a buɗe ba. Ya tafi shi kaɗai.

Injiniyar da ke kula da gwajin, Dakta Imhoff, ta dubi hoton, ta cire tabarau ta rufe ido. Ta ce laifin har da nasu, don ba inda suka rubuta wa mai walda kada ya sa. Arvid ya roƙa a sassauta wa Dewey, ita ma ta roƙa. Amma manyan da ke can birni suna neman wuyan da za su rataya wa asarar shekaru, suka soke aikin Dewey. Aka ƙera sabon keji, aka fara gwaji daga farko. Dewey ya koma facin jiragen masunta, babbar 'yarsa ta baro kwaleji. Idin godiya, da dangi kan taru duk shekara su ci tare, ya rabu gida biyu, Lorna ta ci talotalo a nan, ta ci a can, ba ta jin daɗin ko ɗaya.

Za ku so in ce gwaji na biyu ya gano wani mugun aibi. Bai gano ba. Da aka ciro kwansunan, ɗan dusashewa kawai suka yi. Aka ba da lasisi, aka kunna fitila. Mutanen gari suka yi ta cewa, to ina amfanin? An kassara gidan mutum a kan abin da dama lafiyarsa lau. A gidan abincinmu aka faɗa masa haka ido da ido. Arvid ya juya kofinsa ya ce, "Da can sa'a muke jira. Yanzu mun sani." Bai ƙara ba, bai kuma taɓa cewa Dewey ya yi laifi ba.

Arvid, kai ne mai gadin da ba mai gadinsa. Kai ne ka yi aiki a inda ba shugaba, ba shaida, ba mai tafa maka, ka fito da abin da ka gani yadda ka gan shi, alhali ka san a teburin gidanka za ka biya. Mu da muka ci ƙaguwar bakin dutsen nan, muka ba jikokinmu, ba mu taɓa tsayawa mun yi tunanin ko da matsala ba. Ashe wani ne ya ɗauke mana tunanin.

Ranar Asabar, ana tsakiyar yanka kek ɗin bikin ritayarsa a zauren coci, sai ƙofa ta buɗe. Dewey ne, da sandarsa, ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita. Shekarun nan duka gaisuwar kai kawai ke tsakaninsu. Lorna ta ajiye wuƙa. Ya tako har gaban Arvid ya tsaya.

"Har yanzu ina nan a kan bakana," in ji shi. "Ƙarfe a teku ba tutiya hauka ne."

"A jirginka, Yaya, gaskiyarka ce."

"Da ni ne a ƙasan ruwan nan, da na kwance ta."

"Na sani."

"Shi ya sa ba ni suka aika ba." Ya bugi ƙafar kujera da sanda. "To matsa mana, kwaɗo. Sai na tsaya a kanka?"

Arvid ya matsa.

Mun gode, Arvid. Allah ya ba ka hutu mai ɗumi bayan wannan sanyi da ka sha dominmu. Ku kuma masu tasowa, ko walda kuke, ko jinya, ko tuƙi, wata rana za ku ga abin da ba wanda ya gani sai ku, kuma sufana na rataye a ƙugunku. Ranar, ku bar ta a inda take.