Kawu Tela da Likitocinsa Biyu

Kawuna tela ne, kuma ban taɓa ganin ya zauna shiru ba. Ko waya yake amsawa, ƙafarsa tana kan fedar keken ɗinki, tana rawa. Shagonsa ɗan ƙarami ne: keke ɗaya, benci, dutsen guga, sai ƙyallaye ko'ina har cikin takalmansa. Maƙwabta suna kiransa Ba-hutu.

Yana da doka guda. Ba ya gyara ɗinkin wani tela, ba ya kuma son jin an kai nasa wani wuri. "In ka je wajen wani, ka je," in ji shi, "amma kada ka faɗa mini. Cin fuska ne."

Ya daɗe yana shan maganin hawan jini da wata likita ta ɗora shi a kai, a ƙaramin asibitin bayan kasuwa. Bara aka yi masa gwaji a babban asibiti, aka ce kitse ya yi yawa a jininsa, wani likitan ya rubuta masa magani. Da ya tambaye shi ko yana shan wani abu, Kawu ya ce a'a. A ganinsa ladabi ne. Ita ma likitar farko bai gaya mata ba.

Ba a jima ba cinyoyinsa suka fara ciwo, kamar ya wuni yana hawan bene. Ya shafa man zafi, ya sa wa benci matashi, ya zuba wa keke mai har ya ɗiga. Daga baya feda ta fara fin ƙarfinsa. Sai ya taka kaɗan ya tashi, ya leƙa ƙofa, ya dawo, ya ɗaga almakashi ya ajiye. Kayan mutane suka taru. Ran nan na same shi yana shafa kan keken, ya ce mini, "Ɗana, in ƙafa ta ƙi, me ya rage wa tela?"

Inna, matarsa, ita ta gaji. Ta tattaro kwalayen magungunan duka ta zuba a leda.

"Malam, tashi mu je wajen likitarka."

"Da wannan kwalin? Ki rufa mini asiri! Ta gane na je wajen wani?"

"To, likita ce ko tela? Ko ka ji an ce tana yanka yadi?"

"Ke ba ki san sana'a ba."

"Na san mijina ya koma tafiyar agwagwa."

Ya tafi yana gunaguni. A gaban likitar ya kasa haɗa ido da ita, sai murza hula yake yi. Ta juya kwalayen, ta tambayi lokacin da ciwon ya fara. Ta ce irin wannan maganin hawan jinin yana iya sa na kitsen ya daɗe a jiki ya taru, shi ne yake taɓa tsoka. Ta tura shi gwajin jini, ta sauya masa na kitsen, ta ja masa kunne kada ya daina ko ɗaya da kansa.

"Ba ki ji haushi ba?" ya tambaya.

"Na ji, Baba. Haushin ɓoyewar."

Sannu a hankali ƙafar ta dawo. Yanzu tun daga bakin titi ake jiyo keken. Kwanan baya ina zaune wani ya shigo da riga, yana kame-kame, wai hannunta ne ya ɗan matse. Kawu ya dubi ɗinkin, ya san ba nasa ba ne. Ƙafarsa ta tsaya a kan feda.

"Kawo," ya ce. "Amma faɗa mini gaskiya, me da me aka yi mata a can?"