Rumbun Dada Ya Amsa

Rumbu uku ne a gidanmu lokacin da nake yarinya, a wani ƙauye da ke tafiyar sa'a guda a keke daga Dutse. Biyu na Baba ne, ɗaya na Dada, kakarmu da ta haife shi. Nata ne ƙarami, amma ya fi sauran kyau, domin duk shekara sai ta sa an yaɓe shi an ɗora masa sabuwar jinka. Geron gayaunarta ne a ciki, kuma kowa a gidan ya san ba a taɓa shi sai damina ta yi nisa, manyan rumbunan sun ƙare. Shi ne yake riƙe mu har sabon gero ya nuna.

Dada Bafillatana ce ta gaske, kuma Baba ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ta yi masa magana ba. Saboda ya samu aikin masinja a sabuwar sakatariya bayan an ba mu jiha, kullum yana kan hanyar Dutse, sai ta sa masa “mai keke”. In tana son ya ji wani abu, sai ta faɗa wa Inna mahaifiyarmu, ko ta faɗa wa akuya. Na taɓa jin ta tsaya gaban tunkiya tana cewa, “Ke dai kin ga katangar nan ta tsage, amma masu gida ba su gani ba.” Kafin Juma'a an gyara katanga.

Da an yi sallar isha'i an ci tuwo, mukan kewaye murhunta, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Takan tura dankali cikin toka, ta miƙe ƙafafu, ta sa mu jira har sai mun fara ƙorafi. Ni ce mai yawan katse ta, shi ya sa take ce mini Alƙaliya. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, “Ga wata baƙuwa nan a bakin zaure.” Mu kuma mu ce, “A shimfiɗa mata tabarma.”

A shekarar da nake ba da labarinta, wajen ƙarshen sanyi, Baba ya gaji da keke. Ya ga wani tsohon babur a Dutse ya shiga ransa. Lissafinsa mai sauƙi ne: rumbu uku gare mu, in ya sayar da ɗaya daga cikin nasa, ɗayan zai kai mu tsakiyar damina, na Dada ya ƙarasa mu. Har ya yi magana da dillali, an sa ranar da a-kori-kura za ta zo ɗaukar gero.

Abin da Baba bai sani ba shi ne rumbun Dada ba komai a ciki sai dami biyu ko uku. Tsuntsayen jan-baki sun cinye gonakin ƙanwarta da ke aure wajen Kafin Hausa, kuma tun kaka ɗan ƙanwar tata yake zuwa da jaki, a ranakun da Baba yake wurin aiki. Inna ce take riƙe tsani. Don haka a wannan karon Dada ba za ta iya aiken Inna ba, domin a kanta laifin zai faɗo. Ita kuma ba za ta iya tsayawa gaban ɗan farinta ta ce masa ta kwashe abincin 'ya'yansa ta bayar ba. Saura kwana ɗaya motar ta zo.

Daren nan Baba yana zaune ƙofar ɗakinsa, taku kaɗan daga murhu, yana yi wa tayar keke faci da hasken fitilar ƙwai, rediyo na ta magana a gefensa. Dada ta yi sallamar baƙuwarta, muka shimfiɗa mata tabarma. Na lura ta ɗaga murya fiye da kullum, har ƙanena ya ce, “Dada, ai ba kurame ba ne mu.” Ta ce, “Akwai kurma a cikinku, ku dai ba ku san shi ba.”

Ta ce a wani gari an yi wani sarki mai kirki, amma mai son a ba shi labari a taƙaice. Wata shekara fatake suka zo daga arewa da gishiri da tufafi, suna neman hatsi. Sarki ya ce bari ya fara sanin abin da garinsa ya mallaka. Ya aiki wani bafade ya ƙirgo rumbuna. Bafaden nan ba ya son tafiyar ƙasa, sai ya hau raƙumi ya bi lungu-lungu yana leƙe ta saman katanga, duk jinkar da ya hango ya jefa tsakuwa a aljihu. Ya dawo ya zube tsakuwa gaban sarki, tuli guda. Sarki ya ce bai yarda da bakin mutum ɗaya ba, ya aiki na biyu. Na biyu ya fita, rana ta dake shi, ya tarar da na farko a inuwa ya ce, “Kai nawa ka samu?” Ya dawo ya faɗi haka. Na uku ma ya je ya tambayi na biyu. Sarki ya yi murna ya ce, “Mutum uku, magana ɗaya. A buɗe wa fatake.”

Sai wata tsohuwa mai dakau, wadda take bin gidaje tana yi wa mata surfe da daka, ta zo fada da taɓaryarta a kafaɗa. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ban iya ƙirga ba. Amma unguwar da nake yi wa gida goma daka, yanzu gida uku ke kirana. In hatsin yana nan, me ya sa turame suka yi shiru?” Fadawa suka yi mata ca. Sarki ya ce a bar ta, ya tashi ya bi ta da ƙafarsa. Duk rumbun da suka zo, sai ta ɗan buga masa gindin taɓarya.

A nan Dada ta ɗauki muciya ta bugi tulun da ke cike da ruwa, ya yi wata 'yar ƙara can ƙasa. Ta bugi wanda ba komai a ciki, ya amsa har bakin zaure.

“Kun ji?” in ji ta. “Rumbun da yake cike ba ya son magana, kamar wanda ya ƙoshi yana jin barci. Wanda ba komai cikinsa kuwa, kana taɓa shi zai gaya maka.”

Ta ce kafin la'asar sarki ya gane fiye da rabin rumbunan garinsa iska ce a ciki, kuma waɗanda suka fi kyan jinka su suka fi amsawa. Ya ba fatake haƙuri, ya sallame su da ɗan abin da ya sawwaƙa, gari ya kai kaka ba wanda ya yi ƙaura.

Na ce, “Dada, ai masu rumbunan nan maƙaryata ne. Ya kamata a ɗaure su.”

Ta daɗe tana juya toka da tsinke. “Alƙaliya, ba su yi ƙarya ba. Wa ya tambaye su? Jinka aka ƙirga. Wani fari ne ya same shi, wani kuma ɗan'uwansa ne ya zo masa da jaki da hawaye, ya kasa cewa a'a. Kunya ce ta sa suka yi sabuwar jinka.” Sai ta ce, “Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, ku ɗauki dankalinku.” Ban san lokacin da Baba ya kashe rediyo ba, amma da na waiwaya yana zaune da taya a hannu, bai manna facin ba.

Da safe, bayan ya dawo daga masallaci, na gan shi ya nufi bayan gida. Na bi shi, domin ni ma na kwana da niyyar gwada abin. Ya ƙwanƙwasa rumbunsa na farko, ya ƙwanƙwasa na biyu, duk suka yi gum. Ya tsaya gaban na Dada ya daɗe, sannan ya sa hannu. Rumbun ya amsa, har kajin da ke ƙarƙashinsa suka watse. Dada tana tsakar gida tana shara, ta ba mu baya, kuma wuri ɗaya take ta sharewa.

Na ɗauka za a yi faɗa. Baba ya wuce ta gefenta, ya tsaya ƙofar ɗakin girki ya ce wa Inna, da muryar da kowa zai ji, “In mai mota ya zo a ba shi haƙuri. Na fasa. Keken nan ma ai lafiyarsa lau.” Ya buga wa taya iska ya tafi aiki. Ya ƙara shekara huɗu a kan keken nan. A daminar kuwa rumbun da ya so sayarwa shi muka ci har aka yanki sabon gero, kuma ba ranar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

Shekaru sun wuce, ina kwaleji ina karanta tattalin arziki, lokacin an fara aiki da shari'ar Musulunci, an kuma fara buɗe kafe-kafe na intanet a Dutse. Aka ba ni aikin bincike a kan noman gero a jiharmu. Na shiga wata kafe, aka nuna mini benci na ɓangaren mata, janareto na ta ruri a waje, shafi ɗaya sai ya gama jan rai kafin ya buɗe. Na samu adadin geron da aka ce muna nomawa a wani shafi. Na same shi a na biyu, na same shi a na uku, ko ɗigo bai bambanta ba. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara kwafa a littafina. Sai na ji kamar a kunnena an ce, “Mutum uku, magana ɗaya,” na ajiye biro.

Na bi sawunsu. Na uku ya ɗauko daga na biyu, na biyu daga na farko, na farko kuma daga wani tsohon rahoto wanda shi kansa ya rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ƙiyasi ne. Sai da na yi kwanaki ina komawa kafin na samo rahoton waɗanda suka shiga ƙauyuka da kansu, suka kuma bayyana shekarar da suka je, da gidajen da suka tambaya, da inda suka kasa zuwa. Wannan ɓangaren da kowa yake tsallakewa shi na fara karantawa, kuma har yau da shi nake farawa.

Yanzu ni ke koyar da darasin a wata sakandare. Ɗalibaina sukan zo mini da lambobi daga waya, suna ta rawar jiki. Nakan tambaye su wa ya ƙirga, yaushe, kuma a kan raƙumi yake ko ya sauko. Sukan yi dariya su ce Malama ta fara. Amma nakan ƙara musu da abin da na daɗe ban fahimta ba: ko mai ƙirgan ya sauko, mutane yake tambaya, kuma mutanenmu ba sa son a san rumbunsu ya ƙare. Wanda ya ce “Alhamdulillahi, muna da shi” ba lallai ne maƙaryaci ba. Na san wata da za ta amsa haka, kuma ban taɓa sanin mai gaskiya kamarta ba.

Akwai abu ɗaya da ban ba ɗalibai labarinsa ba. Kwana kaɗan bayan Baba ya fasa cinikin, na zaga bayan gida na sake ƙwanƙwasa rumbun Dada, don ina son jin ƙarar nan. Ya yi gum. Na ƙara bugawa, shiru. Na tafi da mamakin abin har na girma, sai bayan rasuwar Dada na tambayi Inna. Ta yi murmushi ta ce ranar da Dada ta tafi bikin suna a wani ƙauye maƙwabcinmu, Baba bai je aiki ba. Ya wuni yana kwasar dammuna daga nasa rumbun yana zubawa a nata, Inna na riƙe tsani. Da ya sauko, gumi ya jiƙe shi, ya ce mata, “Yaran nan yanzu duk sun koyi ƙwanƙwasa. Ba na son rumbunta ya sake amsa wa kowa.”

Na ce, “Dada ta sani?”

Inna ta ce, “Da ta dawo ta zaga baya, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito sai ta tsaya gaban akuya ta ce mata, ‘Allah ya yi wa mai keke albarka.’”