Gaisuwar da Aka Koya wa Lamin a Zaure

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau!

Kun san ina kwamitin kula da baƙin ɗalibai a jami'a. Ni na samar wa Lamin, ɗan Gambiya, ɗaki a Ƙofar Na'isa. Ba ya jin Hausa.

Ɗazu na je duba shi. Yana ganina ya washe baki: "An gama wanka, a kawo likkafani!"

Innalillahi! Na ce wa ya koya maka?

Da Turanci ya ce tsohon da ke zama a zaure. Wai gaisuwa ce!

Na tambayi Hajiya mai gidan. Ta dafe ƙirji: "Malam ne, mai wankan gawa. Ai bara ya rasu!"

Sai Lamin ya nuna ni da yatsa, ya ƙara da Turanci: "Cewa ya yi kai zan gaya wa."