Hular Binta a bikin mutanen Meziko

Sai kawai wata tsohuwa 'yar Meziko ta bar kayan ɗinkinta, ta ƙura wa hulata ido.

Zamanin kuɗin fetur ne. Ni direba, wanda karatunsa bai wuce aji uku ba, na kai maigidana Ikko kallon bikin zane da ɗinkin mutanen Meziko. Hular kuwa ɗiyata Binta ta ɗinka a ɓoye, don na hana ta allura, wai sai boko.

Tafinta ya ce, "Malam, tambaya take, wane gwani ya yi wannan aiki?"

Na gyara tsayuwa. "Gaya mata ɗiyata ce. Ni na koya mata."

Ni da ko maɓalli ban iya ɗinkewa!

Da tsarabar zare kala-kala don Binta na koma gidanmu a Ƙofar Guga.

Jama'a, akwai wanda sai a bakin baƙo ya san darajar ɗansa, ko ni kaɗai ne?